Maɓallin rufewa ya ɓace ɓat

Wani labari da na karanta ya ce cire layin suna na saman tagar Firefox, burauzar shiga intanet, yana ƙara fili a allo. Haka ne, amma rabin zancen ke nan. Tun Firefox 66, a 2019, ake ɓoye layin a GNOME, ɗaya daga cikin fuskokin allo na tsarin Linux, sai burauzar ta zana maɓallanta da kanta, ta aro kamanninsu daga kwalliyar GTK, wato tsarin launuka da siffofin tagogi da maɓallai. A shagona na buga takardu kusa da Kasuwar Dole a Damagaram, na ɗauko wata baƙar kwalliya a intanet na sa, maɓallin rufewa ya saje da bango, ɗalibai suna ta lalube da linzamin kwamfuta kamar masu neman allura cikin rairayi. Malam mai cewa a mayar da layin kawai, ka taɓa aiki da ƙaramin allo mai inci 11? Masu haɗa kwalliyar nan su riƙa gwada ta a burauza mana!