Kifi na ganinka, mai jar koma

Daren jiya kashi na farko na shirin fim ɗinmu mai dogon zango ya hau YouTube, kuma har kiran assalatu ban runtsa ba, ina bin maganganun masu kallo ɗaya bayan ɗaya. Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce sai da ta yi hawaye a wurin da uwar ta ƙulle kayanta a zani ta fice ba ta waiwaya ba. Wani daga Kumasi ya ce hayaniya ta cinye fitar kasuwa, wato ɓangaren da muka ɗauka a kasuwa, bai ji rabin maganar dattijon ba. Gaskiyarsa. Ranar da muka ɗauki fitar nan injin markaɗe ne a bayanmu, mun roƙi mai shi ya kashe, ya ce layin mata na jiransa. Na karɓi gyaran hannu biyu, Allah ya saka da alheri.

Amma akwai wani. Shirin da ya kusa awa guda, ko minti biyar bai yi da fita ba har ya yanke masa hukunci, wai ba zai ga zango na biyu ba. Yaushe aka kalla? Asusu uku, duk babu hoto, duk bakinsu ɗaya, kuma dukkansu "gaskia" suke rubutawa babu y, kamar yadda wani ke rubuto min a WhatsApp shekara da shekaru. Mutum ya sauya suna, ya manta bai sauya hannu ba.

Abin da ya ƙona min rai, wannan labarin a gabansa aka karanta shi, a wani ɗan ofis a Zoo Road, muna cin gurasa a faranti ɗaya. Ranar har tafi ya yi. Labarin bai lalace ba sai da aka ba wani yaro sabon shiga matsayin da shi mutumin ya sa wa rai.

Yanzu kuma ya koma raɗa wa mutane wai za a dakatar da mu. Kowa a masana'antar nan ya san Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 a watan Mayun 2025 saboda rashin kai su tacewa. Namu sai da aka duba shi kafin ya fita, takardarmu tana hannu. A nemi wata hanyar.

Ban kira suna ba, wanda ya tsargu da shi nake. Ni a zage ni, na saba. Amma yaron nan da ake yi wa dariyar karin harshensa na ƙauye, wata huɗu yana zuwa lokeshan da kuɗin motar da mahaifiyarsa ke ba shi daga cinikin ƙosai. Da safen nan ya kira ni muryarsa na rawa, yana tambaya ko shi ne ya ɓata mana aiki. Na ce masa ya wanke fuska ya taho, ƙarfe goma muna da ɗauka.