Mikin bakin da ba ya zafi shi ne abin tsoro

Samarin Agege, Idi-Araba da Mile 12, da ku nake. Mu dai ba ma neman likitan haƙori sai kogon haƙori ya hana mu barci. Shi kuwa likita in ka buɗe masa baki, harshe yake dubawa, da dasashi, da ganɗa, da cikin kumatu, kuma sau da yawa abin da zai gano a can ba shi ya kawo ka ba.

Wanda aka fi gani shi ne ɗan mikin nan mai farin tsakiya da jan gefe, wanda in yaji ya taɓa shi sai ka yi hawaye. Kusan mutum 1 cikin 5 yana samun sa jefi-jefi, yakan kuma warke da kansa cikin kwana 7 zuwa 14. Akwai wanda karyayyen haƙori ke yi wa harshe saboda gogayya. Akwai kuma farin abu kamar kindirmo da ke kwanciya a harshe, in an goge ya fita ya bar ja. Wannan ya fi kama masu ciwon suga, masu ƙanjamau, da wanda ya mai da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kemis kamar gyaɗa.

Duk waɗannan da sauƙi. Wanda ya sa na yi wannan rubutu shi ne farin tabo da ba ya gogewa, ko jan tabo, ko miki mai taurin gefe da ya wuce mako 2 bai warke ba. Bai fiye yawa ba, amma ta nan sankarar baki take farawa, kuma a farko sau da yawa ba ta zafi. Rashin zafin ne ke yaudarar mu. Mutum zai ce ai ina cin abinci lafiya, ya ci gaba da dako ko sayar da tumatir, wata 6 ya shuɗe. A 2022 kusan mutum 390,000 ne suka kamu da sankarar baki da leɓe a duniya, kimanin 188,000 suka rasu.

Ɗan uwa, kai da ke cusa taba gari tsakanin leɓe da dasashi, daidai wurin za ka fara dubawa. Mai sigari da mai shisha, kar ku ce ba da ku ake ba, in kuma aka haɗa da giya abin ya fi muni. Ku daina ɗora asfirin a kan dasashi kuma, ƙona naman yake yi, sai ka je wa likita da miki biyu.

Yau bayan asuwaki, kunna fitilar waya gaban madubi, ɗaga harshe ka duba ƙarƙashinsa da gefensa. In ka ga abin da ya ƙi tafiya, akwai sashen haƙori a asibitocin koyarwa na Legas, wato LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH a Ikeja. Ka yi sammako don layi, kuma in likita ya tambaye ka batun taba, faɗa masa gaskiyar shekarun da ka yi kana sha.