Baban Badagry da Robar Kifinsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya bayan sallar isha'i ina zaune a ƙofar gida a Tudun Wada aka kira ni daga Badagry, aka shaida mini cewa Allah ya yi wa Baba rasuwa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin mu fataken kifi da muka zauna a inuwarsa ba mu taɓa kiransa da wani suna ba sai Baba. Masunci ne ɗan ƙabilar Egun, haifaffen bakin teku, bai taɓa taka Kaduna ba, amma akwai gidaje a garin nan da jarinsu ya miƙe ta dalilinsa, kuma gidana yana ciki.

Mu nan sun da muka sani na kogi ne, tarwaɗa da karfasa da ake kamawa a Kogin Kaduna, sai bikin Argungu da muke gani a talabijin. Sun ruwan gishiri daban yake. Garin Badagry kansa a bakin wani rafi yake, sai an tsallaka da kwale-kwale an ratsa itatuwan kwakwa kafin a isa ainihin teku, inda igiyar ruwa ba ta hutawa dare da rana. Tun da asuba ake tura babban kwale-kwale cikin wannan igiya, a zagaya da taru, a dawo da igiyoyinsa biyu kan yashi, sannan mutane su jeru su yi ta ja suna waƙa na tsawon sa'o'i. Al'adar wurin ita ce duk wanda ya sa hannu a igiya yana da rabo, ko baƙo ne. Na ja da hannuna sau da yawa, tafina ya yi kanta, kuma na ga ranar da aka gama wannan wahala taru ya fito da ciyawar ruwa da leda, kifin cikinsa bai cika kwando biyu ba.

A irin wannan rana ce na san ko wane ne Baba. Kafin matan da ke sayen kifi don yin banda su fara ciniki, kafin a cire kuɗin mai, yakan ɗauki wata tsohuwar roba shuɗiya ya cika ta ya ajiye gefe. Wannan kason matan da teku ya cinye mazajensu ne, da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare. Ranar da kamu ya yi kyau robar takan cika, ranar da bai yi ba ma takan cika, sai dai kasonsa shi ya ragu. Ban taɓa jin ya yi magana a kanta ba, yaro kawai yake kira da hannu ya ɗauka ya tafi.

Ni kuwa abin da ya yi mini ba ya mantuwa. Wata damina motar da ta ɗauko mini kaya ta lalace kusa da Jebba, ruwa ya yi ta dukan kwandunan banda kwana uku, kafin su iso Kasuwar Barci duk sun yi funfuna. Jarina ya tafi gaba ɗaya. Da na koma na gaya masa, sai ya kira uwargidansa, wadda ita ke banda da ɓawon kwakwa, ya ce a ɗaura mini kaya kamar yadda aka saba. Na ce, "Baba, ba ni da ko sisi." Ya amsa da 'yar Hausarsa ta kasuwa, "Ɗana, tafi ka sayar, ka dawo." Babu takarda, babu shaida. Haka kuma a watan Fabrairun 2002, da rikici ya ɓarke a Idi-Araba har hanya ta zama abin tsoro ga Bahaushe a Legas, a ɗakinsa muka kwana mu uku sai da ƙura ta lafa.

Ra'ayina, kuma ina faɗinsa da nauyin zuciya, shi ne mun fara ɓata ma'aunin kyauta a tsakaninmu. Yanzu mai kyauta shi ne wanda ya tara jama'a a rana, ya jera buhunan shinkafa, ya sa aka ɗauki hoto aka watsa a Facebook. Ba na raina wannan, domin mai jin yunwa ya ci. Amma wanda ya bayar daga cikin rara ba ɗaya yake da wanda ya bayar alhali bai san abin da gobe za ta kawo ba. Manomi yana da rumbu, ɗan kasuwa yana da shago, masuncin teku kuwa ba shi da wurin ajiya sai ruwan da ba ya yi wa kowa alkawari.

Shekarunsa na ƙarshe ma sun fi tsanani. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin zuba wa injin kwale-kwale ya ninka, ga manyan jiragen kamun kifi da masunta ke kukan suna kutsowa cikin mil biyar na gaɓa, inda doka ta hana su shiga, suna yayyaga musu taru. Duk da haka ɗansa ya tabbatar mini cewa har makon da ya kwanta ciwo robar nan ba ta fasa fita ba.

Ina roƙon duk wanda ya taɓa sarar kifi a hannunsa, musamman abokan fataucinmu na Kaduna da Zariya, ya sa shi a addu'a, wanda kuma yake da sauran bashinsa a wuya ya tuna akwai marayu. Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya ba iyalansa haƙuri. Jibi in Allah ya yarda zan shiga motar Legas don yin ta'aziyya, na kuma sayi kilishin da nake kai masa kullum, zan miƙa wa uwargidansa.