Yadda na kashe tsoho da kalanda har sau biyu

Wallahi duk abin da ya same ni bakina ne ya ja min. Ɗan yayata ne ya zo mana hutu cikin sanyin nan, ya taho da na'urar gem ɗinsa PS5 rungume a jakar goyo kamar jinjiri, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya durƙusa bayan talabijin yana neman inda zai soka waya. Ni dai ina kwance a doguwar kujera ina latsa wayata ban ma kula shi ba, sai kawai na ji wata ƙara, irin ƙarar nan da soja ke yi in ya hango ka alamar motsin rai ta fito masa a ka. Ban san lokacin da na miƙe zaune ba. Shekara kusan ashirin rabona da jin ta amma gabana sai da ya faɗi.

Na ce kai wannan ba Metal Gear ba ne? Ya ce lah Kawu ka san shi? Na ce na san shi? Yaro, tun kana zanin goyo na gama da wannan wasan.

Abin da yake bugawa shi ne Metal Gear Solid Delta: Snake Eater wanda Konami suka fitar ranar 28 ga Agusta 2025, wato sabon ɗinkin na 2004 da Hideo Kojima ya yi a kan PS2. Shi Kojima tun 2015 suka raba gari da kamfanin, ba hannunsa a wannan, shi ya sa na zauna da shirin kushe, har na gyara murya. To amma minti goma ban samu abin kushewar ba. Labarin yana nan yadda na bar shi, shekarar 1964, an jefo Snake, jarumin wasan, da lema cikin dajin Tarayyar Sobiyet ya je ya fito da wani masanin kimiyya, malamarsa The Boss ta juya masa baya ta wurgo shi daga kan gada. Muryoyin ma na da ne suka ɗauko ba su sake ba, wannan muryar Snake ta David Hayter mai kama da ta wanda ya kwana yana shan ƙurar Disamba. Har yankan dajin gunduwa-gunduwa yana nan, ka kai ƙarshen wuri allo ya yi baƙi sannan ka shiga na gaba. Kamar dai ka koma tsohon gidanku ka tarar an yi fenti an sa tayil amma masai yana inda yake.

Fentin kuwa ba ƙarya an zuba shi. A na da ciyawa wani koren abu ne kawai da muka yarda ciyawa ce saboda an ce mana ciyawa ce, yanzu kuwa kana ganin kowane ganye, in Snake ya yi birgima a taɓo taɓon na manne masa a riga, in aka ji masa ciwo tabon na nan a jikinsa har ƙarshen wasa. Na ce oho, mu lokacinmu a talabijin mai ƙusumbi inci goma sha huɗu muka yi, a shagon gem ɗin bayan layinmu, kowa na layin buga ƙwallo ni kaɗai nake biyan kuɗi in kwanta a ciyawa minti ashirin ban motsa ba, yaran da ke jiran hannun gem suna ta tsaki suna cewa malam in barci za ka yi ka tafi gida mana.

A nan ne fa na yi kuskuren. Daɗin labari ya kwashe ni na ce masa ka san The End? Tsohon nan mai harbi daga nesa, wanda ya haura shekara ɗari, mai aku a kafaɗa? Ya ce ai shi ne ya tsayar da shi kwana biyu kenan ya kasa wucewa. Na ce to ni a zama ɗaya na gama da shi, na bi sawunsa na zagaya ta bayansa na ɗora masa bindiga. Ya ce Kawu don Allah? Na ce kai dai.

Ƙarya nake. Gaskiyar abin da ya faru a wancan lokacin shi ne sati guda tsohon nan yana wulaƙanta ni a dajin nan mai kashi uku, kuɗin tarana duk ya ƙare a kansa, sai wani babban yaro a shagon ya raɗa min sirri, wai ka yi sebin, wato ka ajiye inda ka tsaya, a tsakiyar faɗan, ka kashe, ka shiga agogon PS2 ka tura kwanan wata gaba da fiye da sati, in ka dawo za ka tarar tsufa ya kashe shi. Na yi, kuma haka aka yi, na tarar da shi a kwance ya cika. Tun ranar nake ba da labarin bin sawu har ni kaina na fara yarda.

Sai yaron nan ya miƙo min hannun gem ɗin. Ya ce Kawu gwada mana in gani.

Na ce a'a sai dai in fara daga farko in ɗan warware yatsu. Ya buɗe min sabon wasa, aka tambaye ni salon da nake so, akwai sabon salo da kyamara ke bin ka ta bayan kafaɗa kamar wasannin yanzu, akwai na gargajiya da ake hango ka daga sama. Don in nuna ni tsohon hannu ne na zaɓi na gargajiya. Ko minti uku ban yi ba na taka na shiga cikin soja, a gabana yake amma kyamara ba ta nuna shi ba, sai da na tuna ashe haka muke fama a da, ka yi taku biyar ka tsaya ka leƙa da idon Snake ka sake taku biyar. Wai mu a lokacin daɗi muke ji. Na ce wa yaron wannan ba irin na da ba ne sun lalata shi, mayar min sabon. Bai ce komai ba, ya dai mayar.

A sabon salon gaskiya abin ya fi sauƙi, ko ban faɗa a gabansa ba. Snake yana iya tafiya a tsugune, wanda a PS2 babu, da ka tsuguna ka tura sandar hannun gem sai ya baje ya kama jan ciki. Canza kayan saje ma yanzu nan take ne, a da sai ka tsayar da wasa ka shiga jeri ka fita jeri kawai don ka cire rigar ganye ka sa ta ɓawon bishiya lambar sajenka ta tashi daga 45 zuwa 80. Amma yatsuna sun ƙi yarda shekara ashirin ta wuce, duk abin da na danna na 2004 ne. In so in kwanta sai in yi wani abu daban, in so in kama soja ta baya sai in tsaya ina shafa masa ƙeya har ya juyo. Bindigar sa barci kuma in nisa ya yi yawa allurar sunkuyawa take ƙasa, na auna kai ta sauka wani wuri, soja ya tsaya yana waige-waige.

Abu ɗaya dai na gode wa Allah da suka gyara. Maɓallan hannun PS2 suna jin nauyin dannawa, in ka riƙe soja ka danna da'ira a hankali riƙo ne, in ka danna da ƙarfi yanka ne. To hannayen shagonmu duk 'yan ƙwallo sun kashe su, sai ka danna da ƙarfin tuwo kafin su ji, don haka duk sojan da na kama da niyyar in yi masa tambaya sai dai in ga na yanka shi. Ranar da na isa kogin fatalwar nan The Sorrow, inda duk wanda ka kashe yake tahowa ya wuce ka yana kuka, jama'ar da ta fito min ta fi ta sallar idi, mai shago har ya ce lokacina ya ƙare ban kai rabi ba.

Kwana uku ina fama, yaron na zaune a gefe yana cewa Kawu a hankali, Kawu ga wani can a hagu, wai ni yau ake nuna wa hagu. Da daddare ranar 20 ga wata na iso dajin tsohon. Awa ɗaya da rabi ina jan ciki. Na sa makirfon ɗin nan mai jiyo nesa ina neman numfashinsa, na sa tabarau mai ganin zafin jiki ina neman sawu, ba abin da na samu sai allura a wuya, ƙarfin Snake na ta zurarewa cikinsa na ƙugi ina ba shi maciji da kwaɗo. Kyan dajin ma ya zame min masifa, a na da in ka ga abu ya motsa to shi ne, yanzu komai motsi yake. Na yi sebin na ce wa yaron idona ne ke ruwa, sai da safe. Ya ce to Kawu, gobe dai zan ga bin sawun nan.

Na kwanta barci ya ƙi zuwa. Wajen ƙarfe biyu na ce tunda ba su taɓa komai a wasan nan ba, ƙila kalandar ma na nan.

Jama'a duk abin da na koya a wasan nan ranar na yi amfani da shi. Na zame daga gado a hankali, uwargida na numfashin barci, na bar silifas don kar ya yi ƙara, na ɗaga ƙofa sama kaɗan kafin in tura saboda na san inda take kuka. Yaron a ɗakin baƙi yake na wuce ƙofarsa a tsugune, a nan na gane dalilin da ya sa Snake na da ba ya tafiyar tsugune, gwiwata ta dama ta yi wata ƙara da na ɗauka an ji ta a maƙwabta. Na ja bargo ruwan ƙasa kalar kujera na lulluɓa har ka, a lissafina sajena ya kai 90. Sai na danna na'urar ta yi ɗit ɗin nan nata, a tsakar dare kamar an busa usur. Na ƙame minti biyu cur. Shiru. Na soka iyafis a hannu na toshe kunne biyu.

Na shiga saiti na tura kwanan wata zuwa 28, na buɗe wasan. Allahu akbar, ga tsoho a kwance, ya riga mu gidan gaskiya. Konami ba su ci amana ba. Snake na ta jimami a rediyo wai bai so abin ya ƙare haka ba, ni ko a jikina. Na wuce har na isa tsanin nan mai tsawo da ake hawa wajen minti biyu ba abin da kake yi sai tura sanda sama waƙar wasan na tashi a hankali, shi ma ba su rage masa ko taka ɗaya ba, kuma wallahi sai da na ji wani abu a ƙirjina, na tuno shagon nan da warin janareto da yaran da ke tsaki. Na zare iyafis ɗaya na yi miƙa.

Sai na ji an ce sannu da aiki Yallaɓai.

Da a ce ana ganin alamar nan a kan mutum da tawa ta fasa silin. Tana tsaye daidai bayan kujera da hijabi ta harɗe hannu. Na ce ke tun yaushe kike nan? Ta ce tun ranar 20 ga wata.

Na fara bayani wai gyaran agogo nake yi wa yaron, ta ce a'a ai ba komai, ita murna ma take, tunda yau 28 ce albashi ya shigo kenan, shinkafa ta ƙare, gas saura kaɗan, kuma akwai ankon bikin ƙanwarta da na ce a bari sai ƙarshen wata. Na ce haba ke kuwa wannan ai na cikin gem ne. Ta ce to shi dattijon da ka kashe da shi bai ce na gem ba ne, mutuwa ya yi. Ta juya ta tafi, a bakin ƙofa ta ce in kashe kayan wuta in na gama.

Na mayar da kwanan wata 20, a'a 21 ma tunda dare ya raba, na goge duk wata shaida, na ninke bargo. Da safe bayan mun karya na ce wa yaron ai jiya da ka kwanta na kasa haƙuri na fito na gama da shi, irin na da dai, ta baya. Ya ce kai Kawu! Ya karɓi hannu yana ta murna, ya buɗe jakar abincin Snake zai ba shi wani abu ya ci, sai na ga ya yi shiru. Naman macijin da na farauta jiya-jiyan nan, da kwaɗin, da kifin, duk sun ruɓe ƙudaje na yawo a kansu. Na manta shaf abinci a wasan nan da agogon na'ura yake lalacewa, tun 2004 haka yake, shi ma ba su taɓa shi ba.

Ya kalli allo ya kalle ni. Ya ce Kawu, naman jiya ne ya yi haka?

Na ce zafin dajin ne.

Daga kicin uwargida ta ɗaga murya ta ce ka tambaye shi nawa ga wata.