Kafin bango ya faɗi, yakan yi magana

Jama'ar Ringim, Miga, Auyo, Kafin Hausa, Haɗejiya da duk garuruwan da ke bin kogi, ga tsakiyar damina ta zo. Ina roƙon iyayenmu da 'yan'uwana magidanta ku karanta wannan a tsanake.

Duk shekara idan aka yi maganar ambaliya, hankalinmu kan tafi ga kogi. Gaskiya ne, Kogin Haɗejiya ruwan Kogin Kano da na Challawa yake kwasowa, kuma idan madatsar Tiga ta cika ta tumbatsa, mu ne a ƙasa. Ga ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, sai ya fantsama cikin gonaki. A 2022 ambaliya ta hallaka sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Amma ruwan kogi yakan ba da lokaci, ana ganinsa yana ƙaruwa yau da gobe. Wanda ke hana ni barci shi ne ruwan da za a kwana ana tafkawa kamar da bakin ƙwarya, mutane suna kwance cikin ɗakin ƙasa.

Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa. Ruwa ya kwanta a tsakar gida, ya jiƙa tushen bango, laka ta yi laushi, ga rufin soro ya sha ruwa ya ƙara nauyi a kan azara. Kuma ba ya faɗuwa a ɓoye. Danshi zai hau bango har gwiwa. Za ka ga tsaga ta fito a kusurwa, jiya babu ita. Ƙofar da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa, ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan a kan tabarma, wani lokaci har ka ji azara tana ƙara. Uwargida ita ce ke fara gani, domin ita ke share ɗakin. Ta ce, “Malam, bangon nan fa ya tsage.” Sai a ce mata, “Bari ruwa ya ɗauke, gobe sai a yaɓe.”

Wannan goben ce ke cinye mana yara.

Abin da ke riƙe magidanci a ɗakin nan kunya ce. Yana ganin abin faɗi ne a ce ya kwashi iyalinsa da tsakar dare ya je ya buga ƙofar maƙwabci, ko ya shimfiɗa musu tabarma a ajin firamare. Ni ban ga laifinsa shi kaɗai ba, domin haka muka tashi. Shi ya sa nake ganin aikin mai unguwa ne da limami su cire masa wannan nauyi tun da rana tsaka. A faɗa bayan sallar Juma'a, a sa mai shela ya zaga: duk daren da ruwa ya yi ƙarfi, mata da yara su tafi makaranta ko gidan wane mai ginin siminti, maza su tafi masallaci, makulli yana hannun wane. Idan gari ne ya yanke, ba wanda za a nuna da baki. Samari kuma su san ɗakunan tsofaffi da marasa lafiya, su fara da su.

Sai kududdufi. Kakanninmu daga nan suka haƙi ƙasar gini, ramin ya zama mazaunin ruwan gari. Yanzu ana cike shi da shara ana yanka filaye, sannan a yi mamaki ruwa ya shigo ɗaki. A yashe magudanai, a gyara indararo ya riƙa zubarwa nesa da bango.

Makiyaya da masu noma, ku ji wannan. Idan ka ga walƙiya, ka ƙirga har ka ji tsawa: duk daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba, aradu na iya riskarka inda kake. Kada ka fake a gindin itaciyar da ke tsaye ita kaɗai a fili, ka ajiye fartanya, ka fita daga fadamar shinkafa, kuma ka jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin ka koma. Wanda tsawa ta faɗa wa kuwa, babu wata wuta da ta rage a jikinsa. A taɓa shi, a duba numfashinsa, in ya tsaya a danna ƙirjinsa, a garzaya asibiti. Tsayawa neman nono a zuba masa ɓata lokaci ne.

'Yan acaɓa da direbobin ranar kasuwa, ruwa mai gudu da ya kai sentimita 15 yana iya kayar da babban mutum, mai sentimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota. Kwari kan cika ko da ba a yi ɗigo ɗaya a garinku ba, domin ruwan wani gari ne ya gangaro. Ba ka ganin ko ya cinye kwalbati a ƙasa. Fasinja ya yi ta faɗa, kai dai ka tsaya.

Hukumar NiMet, mai kula da yanayi a Najeriya, tana fitar da hasashen ruwa, gidajen rediyo suna karantawa. Mai waya ya sanar da marar waya. Ku kuma masu unguwanni, don Allah a yi zama kan kwashe iyali daga ɗakunan ƙasa a wannan makon, a fitar da makullin makaranta a damƙa wa wanda ke kwana kusa da ita.