Bizit ɗin Amarya

Shef, ɗan sandan hanya, ya busa usur dab da Gadar Kennedy a Yamai. Fijo 504 ta Alhaji, wadda yake kira Amarya, ta ji, ta kuma yarda za ta tsaya, amma sai da ta ƙara taku arba'in, shi ma don Direba ya diro da gudu ya cusa mata dutse ƙarƙashin taya.

SHEF: Sannu da hanya, Alhaji. Takardun mota.

ALHAJI: Fofo, fofo! Mate ni go? Kai yaro, kauce in gaida taubashina. Shef, ni Bagobiri ne ta wajen uwa, kai kuwa Bazabarme. Tsakaninmu ai babu takarda.

SHEF: Bagobiri? To ina zanen?

ALHAJI: Ya shafe. Tsufa.

SHEF: Ni ɗan Illela ne, Alhaji. Ba'adare gaba da baya.

ALHAJI: Alhamdu lillahi! Dama gobirancin na aro ne. Ɗan'uwa rabin jiki! Ya mutanen gida? Ya Yamai, ya baƙunci?

SHEF: Lafiya lau. Takardun mota.

Direba ya ciro ƙunshi daga ƙarƙashin kujera. Leda cikin leda cikin wata ledar, an ɗaure da robar tayar keke. Ko takardar gadon gona ba ta samun irin wannan gata.

SHEF: Parmi, to. Kartigiris, to. Asirans da binyat, ba laifi. Bizit kuma... Alhaji, bizit ɗinka ya mutu.

ALHAJI: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaushe? Ba a aiko mini ba.

SHEF: Takardar duba lafiyar mota nake nufi. Tun 30 ga Yuni 2025 ta ƙare. Yau wata huɗu ke nan.

ALHAJI: Sake hwaɗa mini shekarar.

SHEF: 2025.

ALHAJI: Yaro, wace shekara muke ciki?

DIREBA: Alhaji, ai dubu biyu da...

ALHAJI: Ta Musulunci nike tambaya, ɗan boko marar lissahi!

DIREBA: 1447.

ALHAJI: Madalla. Shef, ɗebe 1447 cikin 2025. Saura shekara 578 takardag ga ta ƙare. Ni da kai duk ba mu ganin ranar. Yaro, cire dutse mu tahi.

SHEF: Gwamnati da kalandar Bature take aiki.

ALHAJI: Amarya kuwa da watan Musulunci take aiki. Tambayi yaron ga, ko tashi ba ta yi sai an yi mata bisimilla sau bakwai.

DIREBA: Da turi.

ALHAJI: Wa ya tambaye ka?

SHEF: Abin ba wuya. Wurin duba motoci yana nan cikin gari. Ka biya tara, ka kai ta a duba, a ba ka sabuwar takarda, ka kama hanyar Tawa hankali kwance.

ALHAJI: A duba ta? A nan? Amarya ba ta tuɓe wa baƙon likita. Likitanta na Tawa, shi ya san jininta, shi ya san inda ba a taɓawa. Mutanen Yamai mi suka sani game da ita? Su hau da ita bisa rami, su leƙa mata ciki, gobe gari ya ɗauka an ga cikin Amarya?

SHEF: To sai furiyar. Ta kwana can har ka kawo takarda.

ALHAJI: Furiyar! Wurin da ake kulle jakunan da suka ci gonar mutane? Shef, ka san wadda kake magana a kanta? Motag ga a Kaduna aka haɗa ta, ni na ɗauko ta da hannuna a 1984, zamanin Kunce. Ta ga yunwar wannan shekarar, ba ta rame ba. Sefa ta hwaɗi a 1994, Amarya na tsaye. Albasar Galmi da ta kai kasuwa, in an tara, ta fi gadag ga tsawo. Gwamnoni nawa aka yi a Tawa suka tahi? Ita tana nan. Sai wata ƴar takarda da ba ta kai tafin hannu ba ce za ta hwaɗa mini ko tana da lahiya?

Nan ya ciro hankici ya goge mata goshi, ya hura, ya sake gogewa. Wurin da ya goge ɗin shi kaɗai ne ya rage da fentin kamfani a duk jikin motar, kuma faɗinsa bai wuce faifai ba.

ALHAJI: Kuma bari in tambaye ka, tunda kai ne gwamnati. Daga Tawa na taso. Badagishiri, Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, har nan, sama da kilomita 500. Akwai ramin da muka hwaɗa, sai da yaron ga ya yi kalmar shahada kafin mu hito. Ni na biya kuɗin hanya, an ba ni rasit. To shi titin, wa ya yi mishi bizit? Yaushe nashi ya ƙare?

Shef ya buɗe baki, ya rufe. Shi ma wancan watan ramin hanya ya ci masa tayar babur.

SHEF: Ba sashena ba ne.

ALHAJI: Ai kullum ba sashen kowa ba ne.

Ana haka sai ga Ɗan Kamasho, da jaka a hammata da biro uku a aljihu. Ba wanda ya kira shi. Irinsu ba a kiransu, kamar ƙuda ne da mangwaro. Ya ja Alhaji gefe, gefen da Shef ke jin komai amma zai iya cewa bai ji ba.

ƊAN KAMASHO: Alhajin Allah, kar ka tada hankalinka. Kawo kartigiris da jika goma sha biyar. Kafin la'asar bizit ɗinka na hannunka, da hatimi, da sa hannu, har da ƙamshin ofis.

ALHAJI: Motar fa?

ƊAN KAMASHO: Mota ta huta a inuwa. Takarda ce za ta je a duba ta.

Daidai lokacin wata tsohuwar bas ta wuce, ta karkace gefe guda kamar mai ciwon haƙori, ƙofarta ɗaure da igiya, hayaƙinta ya rufe rabin kogin Kwara. Mai tallan kilishi ya yi tari har tirensa ya kusa kifewa.

ƊAN KAMASHO: Ka ga waccan? Aikina ne. Jiya ta ci jarrabawa.

ALHAJI: Wato za a ba Amarya shaidar lahiya ba a gan ta ba?

ƊAN KAMASHO: Shi ne daɗin abin.

ALHAJI: Rainin wayo! Ita da waccan akwalar a sa su aji guda? Mi Amarya ta yi da za a ɓoye ta kamar mai kuturta? Wallahi sai an gan ta! Shef, zo nan. Duba ta yanzu, gaban jama'a, kowa ya shaida.

DIREBA: Alhaji, ai yanzu ka ce ba ta tuɓe wa baƙo.

ALHAJI: Wanga ɗan Illela ne, muharraminta ne.

SHEF: Ni ba ni ke yin bizit ba. Amma tunda ka matsa. Birki?

ALHAJI: Yaro, nuna mishi.

Direba ya nuna dutsen.

ALHAJI: Dutsen Adar ne, ba irin na Yamai mai marmashewa ba. Shekara tara yana aiki, ko sau ɗaya bai sha mai ba.

SHEF: Fitilu?

ALHAJI: Ta dama tana kamawa.

SHEF: Ta hagu fa?

ALHAJI: Mutum nawa ka sani masu ido ɗaya, kuma sun je Makka sun dawo?

SHEF: Oda?

Direba ya zura hannu ta taga ya buga ƙofa da tafi, bam bam, ya ƙwala ihu: "Hattara!" Wata akuya a tsallaken titi ta zabura.

ALHAJI: Ka gani? Har dabba ta gane.

SHEF: Abin share gilashi?

ALHAJI: Albasa ake tsagawa a goga. Ruwa ko na Agusta ne sulalewa yake yi. Ta Galmi hwa, ba kowace ba.

SHEF: Kwalbar kashe wuta?

ALHAJI: Ga buta nan, biyu ma. Kuma motar da ba ta kama wuta da makulli, ina za ta kama da kanta?

Waya ta yi ƙara a aljihun Alhaji. Ya duba, ya gyara hula, ya danna inda bai kamata ba, murya ta fito kowa na ji.

HAJIYA: Alhaji, kun isa gidan bikin? Ince dai ka sabunta takardar nan da nake hwaɗa maka tun kafin Babbar Salla? Na ce maka ka hau bas kamar kowa, ka ce sai dangin ango sun ga Amarya...

ALHAJI: Alo? Alo? Rezo babu kyau, Hajiya! Yamai ba su da rezo!

Ya kashe, ya tura wayar can ƙasan aljihu. Ba wanda ya yi dariya, sai mai kilishi, shi ma ya ce tarin ɗazu ne.

Shef kuwa ya zagaya bayan motar ya tsaya. Ya daɗe yana kallon wata lotsawa a murfin but, ya sa tafin hannunsa a ciki. Ya zauna daram.

SHEF: Alhaji, motar nan ba ita ce ke tsayawa bakin kasuwar Badagishiri ranar Alhamis ba? Wadda ake ba yara dala biyar biyar su tura?

ALHAJI: Ka gani! Na ce muku sananniya ce!

SHEF: Ni ina cikin yaran. Sau uku na tura ta, har yau ba a biya ni ba.

ALHAJI: Allahu akbar! Ashe Amarya ce ta yi maka ƙarfin da aka ɗauke ka aiki. Kai yaro, gaida yayanka.

Shef ya rubuta takardar tara, ya miƙa. Alhaji ya karɓa da yatsa biyu kamar an ba shi mataccen ɓera, ya ba Direba ya sa cikin leda ta huɗu.

SHEF: Yanzu ku bi ni wurin dubawa. Ina gaba, kuna baya.

ALHAJI: Za mu je, amma a rubuta cewa da ƙafarta ta je, ba kama ta aka yi ba. Yaro, tada ta.

Direba ya cire dutse, ya shiga, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Amarya ta ce ƙyat. Ya sake. Ta ce ƙyat ƙyat, ta yi shiru. Motoci sun yi layi har kan gada, masu zuwa Harobanda sai oda suke dannawa. Ɗan Kamasho ya ɓace kamar yadda ya zo.

Alhaji ya tattara babbar riga, ya shige gidan gaba, ya rufe ƙofa da sakata, ya leƙo ta taga.

ALHAJI: Shef, tunda ka san wurin, sa hannunka inda ka saba. A hankali hwa, kar ka ɓata mata fenti. Dalarka goma sha biyar na nan, in ta tashi sai mu yi lissahi gaba ɗaya.