Asfirin da ciwon daji: binciken gaskiya ne, amma ba a kemis za a yanke hukunci ba

Saƙonni na yawo a WhatsApp cewa asfirin na maganin ciwon daji. Maganar ba ƙarya ce tsagwaronta ba, shi ya sa take da haɗari. Tushenta wani sinadari ne mai maiƙo da jiki ke yi, furostagilandin, musamman nau'in da ake kira PGE2.

Idan ƙwayar halitta ta ji rauni, takan saki wani maiƙo daga fatarta, sai sinadaran COX-1 da COX-2 su sarrafa shi, daga ƙarshe a samu PGE2. Shi ke kawo zogi, kumburi da zazzaɓi. Tun 1971 John Vane na Ingila ya nuna cewa asfirin na toshe wannan hanya, aikin da ya ba shi lambar Nobel a 1982 tare da wasu masana biyu 'yan Suwidin.

Ƙari iri-iri, kamar na hanji, nono da huhu, kan yawaita COX-2, su cika kewayensu da PGE2. A na hanji ma har sinadarin da ke rusa PGE2, wato 15-PGDH, yakan ragu, ga yawan samarwa ga ƙarancin sharewa. Sai PGE2 ya maƙale a wasu ƙofofi biyu, EP2 da EP4, a jikin ƙwayoyin garkuwa, ya ɗaga wani ɗan saƙo na cikin ƙwaya mai suna cAMP. Da zarar cAMP ya hau, ƙwayar NK, wadda aikinta kashe duk ƙwayar da ta lalace ba tare da jiran umarni ba, sai ta yi sanyi: ta rage fesa gubarta, ta rage intafiron, sinadarin da take zaburar da sauran ƙwayoyin garkuwa da shi. Kamar maigadi ne da aka shayar da maganin barci. Yana bakin ƙofa, amma ɓarawo na shige da fice.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Binciken cibiyar Francis Crick da ke Landan a 2018 ya nuna cewa ƙwayoyin NK ne ke kiran wasu ƙwayoyi masu ɗaukar guntun ƙarin su kai wa ƙwayoyin T, wani rukunin mayaƙan garkuwar jiki, don su gane abokin gaba. PGE2 na katse wannan kira. A 2024 kuma aka wallafa cewa yana hana ƙwayoyin T masu kisa jin saƙon IL-2, wanda da shi suke hayayyafa. Tun 2015 aka ga cewa haɗa asfirin da maganin zaburar garkuwa ya fi tasiri a kan ƙari. A jikin ɓeraye ke nan, kuma masu tura saƙon kan tsallake wannan.

A mutane, sakamakon ya rabu. Masu cutar gado ta Lynch, wadda ke ƙara haɗarin kansar hanji, da suka sha asfirin miligiram 600 kullum a gwajin CAPP2 sun samu raguwar kansar hanji, amma sai bayan shekaru aka gani. Gwajin ALASCCA, wanda Suwidin ta jagoranta aka wallafa a 2025, ya ba masu kansar hanji miligiram 160 na shekara uku bayan tiyata, dawowar cutar ta ragu da kusan rabi, kuma duk waɗanda aka gwada a kansu ƙarinsu na da sauyi a PI3K, wata hanyar saƙo a cikin ƙwaya mai sarrafa girmanta. A ɗaya ɓangaren, gwajin ASPREE na 2018 ya ba tsofaffi lafiyayyu miligiram 100: zubar jini ya ƙaru, mace-macen kansa ma suka ɗan ƙaru.

Dalilin illar a fili yake. Furostagilandin ɗin da ƙari ke fakewa da shi, shi ne kuma ke sa tumbi yin majinar da ke kare shi, ya riƙe gudun jini a ƙoda. Ka toshe shi, ka buɗe ƙofar olsa da ciwon ƙoda. An so a kauce da magungunan da ke toshe COX-2 kaɗai, sai ga Vioxx an janye shi daga kasuwa a 2004 saboda bugun zuciya da shanyewar jiki.

Ga mai karɓar allurar kansa a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, abin ya fi tsanani. Allurar kan rage ƙwayoyin daskarar da jini, asfirin kuma ya raunana ragowar. Sisfilatin, ɗaya daga cikin alluran kansa, na wahalar da ƙoda, to ina ga an ɗora masa daikulofinak, maganin ciwon jiki mai aiki irin na asfirin. Sannan waɗannan magunguna na ɓoye zazzaɓi, alhali zafin jiki na digiri 38 a wurin wanda fararen ƙwayoyin jininsa suka faɗi magana ce ta gaggawa. Haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda a kemis-kemis na Sabon Gari da Tudun Wada kuwa, mai saye bai ma san adadin da yake haɗiya ba.

Ra'ayina shi ne aikin gwada wannan a kan majiyyatanmu na masana Jami'ar Ahmadu Bello ne. Gwaje-gwajen da aka ambata akasari a Turawa aka yi su. Asfirin na da arha, yi wa naman da aka yanko rini don gano COX-2 kuma aiki ne da ɗakin binciken nama zai iya. Abin da ke cin kuɗi shi ne gwajin sauyin PI3K da bin majiyyata shekara uku zuwa biyar ba tare da sun ɓace ba, kuma a nan ya kamata TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, ta sa hannu.